Yadda Ake Farfaɗo da Kwari da Fadamarsa Har Namun Daji Su Dawo

Tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa daga masu karatu na wajejen Argungu, Zuru, Gummi da Anka: kurmin bakin ƙoramarmu ya tafi a gawayi, fadamar da a da take riƙe ruwa har bazara yanzu tana tsagewa tun sanyi bai fita ba, ta ina za mu fara? Kusan kowa jira yake a ce masa ya sayo dashe. To dashe shi ne mataki na shida a nan, kuma da gangan muka kai shi can. Ana farawa da mutane, sai ruwa, sai itatuwan da ke raye a ƙarƙashin ƙasa, sannan dashe, dabba kuwa ita ce ta ƙarshe. Wanda ya juya wannan jeri, awaki ne za su cinye masa kuɗinsa.

1. Ku zaga wurin sau biyu

Zagaye na farko a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, lokacin da ruwa ya kai iyakarsa. Ku kafa turaku a duk inda ambaliya ta tsaya, ku shafa musu fenti. Zagaye na biyu a watan Afrilu, a ga inda laima ta rage da tafkin da bai ƙafe ba. Ku tafi da tsoho ɗaya ko biyu da suka san wurin tun yana da rai, domin su ne za su nuna muku inda giyayya ta taɓa yin kurmi da inda idon ruwa yake kafin yashi ya binne shi.

Da waɗannan turaku za ku raba kwarin gida huɗu: tudu da fakon da ke sama, gangare, gaɓar ƙorama, sai tsakiyar fadama inda ruwa ke kwanciya wata biyu ko fiye. Kowane gida da aikinsa da irin tsironsa. A shekarar farko kada ku wuce hekta biyu zuwa biyar, wato iyakar abin da mai gadi ɗaya zai iya zagayawa da ƙafa safe da yamma.

Hattara: idan kwarin yana ƙasan inda aka taɓa niƙa ko wanke dutsen zinare, kamar wasu wurare a Anka da Bukkuyum inda gubar dalma ta kashe yara masu yawa a 2010, kada a tona laka ko a tara ruwan sha sai an gwada ƙasar. Haka kuma a zaɓi wurin da ke kusa da gari, wanda ma'aikata za su je su dawo lafiya. Aikin da ba a iya kai masa ziyara kullum ba ya ɗorewa. Masu fadama a ƙasan dam ɗin Bakolori ko a kan gulbin Rima su tuna cewa sakin ruwan dam yana iya ɗaga ambaliya sama da turakunsu.

2. Ku zauna da duk mai haƙƙi a wurin

Fadama ba ta da mai ita guda. Akwai mai gona, mai shanu, masunci, mata masu itace da ganyen miya, maharbi, da mai yankan ciyawar jinka. A kira mai gari, Arɗo, Sarkin Ruwa, Sarkin Noma, shugaban mafarauta da wakiliyar mata, a sanar da hakimi da malamin daji na ƙaramar hukuma. Abubuwa biyar ne dole su fito a rubuce: iyakar wurin da za a hutar, tsawon hutun (damina uku ita ce mafi ƙaranci), inda burtali da mashaya za su kasance, wanda zai mallaki itacen da ya girma, da tarar wanda ya karya doka.

Batun mashaya shi ne ya fi rusa irin wannan aiki. Makiyayin da aka rufe wa hanyar ruwa zai ɓalla shinge da dare, kuma yana da hujja. Ku ware mashaya ɗaya ko biyu a inda gaɓa take da tauri, ku shimfiɗa mata tsakuwa, ku bar burtali mai faɗin da garke zai wuce ba tare da ya matse ba. Ku kuma yi wa makiyaya alƙawarin yankan ciyawa daga wurin da aka hutar tun daga shekara ta biyu. Mutumin da yake samun dami a wurin shi ne zai fi kowa tsaronsa.

Dokar hutar da ruwa ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Kowa ya san yadda ake hana kamun kifi a Matan Fada ta Argungu har sai ranar da aka buɗe, kuma da wannan misali za ku fi saurin shawo kan masunta.

3. Ku tare ruwa tun daga tudu

Abin da ke kashe fadama daga sama yake gangarowa. Idan tudu ya zama fako, ruwan sama ba ya shiga ƙasa, sai ya kwararo da gudu ɗauke da yashi, ya cike tafkuna, ya wuce cikin kwana ɗaya. Don haka aikin diga yana farawa ne daga saman gangare, tsakanin Janairu da Mayu.

Kayan aiki: diga, shebur, baro, kwanon ɗaukar ƙasa, igiya, turaku, da tiyo mai haske mai tsawon mita 10 zuwa 15. A cika tiyon da ruwa, a ɗaure bakunansa biyu a jikin sanduna biyu masu tsawo ɗaya da aka yi wa zane iri ɗaya. Mutum ɗaya ya tsaya, ɗayan ya riƙa matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya a zane ɗaya a sandunan biyu, sai a kafa turke. Layin da turakun suka bayar shi ne kwanciyar ruwa, kuma a kansa ake ɗora komai.

Inda akwai dutse, kamar ƙasar Zuru, a yi jeren duwatsu: a tona ɗan rami mai zurfin yatsu huɗu, a kafa manyan duwatsu a ciki, a cike gefen da ke kallon tudu da ƙanana, tsayi kamar santimita 25 zuwa 30. Tazara tsakanin layi da layi mita 15 zuwa 30, tana raguwa idan gangaren ya ƙaru. Inda babu dutse, a kan fako, a haƙa rami mai siffar rabin wata, mai faɗin mita 4 da zurfin taƙi ɗaya, bakinsa a buɗe yana kallon tudu, a tara ƙasar da aka fitar ta zama kunya a bayansa, a daddanne ta. Layi na biyu ya faɗa a tsakanin giɓin na farko, yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. A zuba kwano ɗaya ko biyu na takin gida a kowane rami, a watsa irin gamba da kyasuwa da ruwan farko.

Hattara: layin da aka ja da ido ba tare da tiyo ba yakan karkata, ruwa ya taru a gefe guda ya ɓalle, a wayi gari an haifi sabon kwazazzabo. Kada kuma a haƙa rabin wata a jigawa mai yashi zalla ko a cikin lakar fadama. A yashi rushewa yake yi, a laka kuma ruwa ya kwanta ya ruɓar da shuka.

4. Ku toshe kwazazzabai

A fara daga kan kwazazzabo, a bi shi zuwa ƙasa. Shingen dutse ƙanana da yawa sun fi babba guda ɗaya. Kowanne kada ya wuce rabin mita a tsakiya, a shigar da gefunansa cikin gaɓa kamu ɗaya, a tona masa gindi, kuma tsakiyarsa ta fi gefuna ƙasa domin ruwa ya bi ta nan ya tsallake. A bayansa, inda ruwan zai faɗo, a shimfiɗa manyan duwatsu tsawon mita ɗaya.

Ga yadda ake sanin tazara: kan shingen ƙasa ya yi daidai da gindin na samansa. Idan ƙasa tana sauka mita 2 a cikin kowane mita 100, shinge mai rabin mita zai zo duk bayan mita 25. Inda dutse ya yi wuya, a kafa layi biyu na turakun itacen dashi ko cediya ɗanye, a cusa rassa da ƙaya a tsakani. Turakun sukan kama su yi saiwa, shingen ya zama rayayye.

Kurakurai biyu ne ake yawan gani. Na farko, yin saman shingen a miƙe, sai ruwa ya zagaye ta gefe ya ci gaɓa. Na biyu, mantawa da shimfiɗar baya, sai ruwa ya rarake gindin har ya kife. Bayan kowane babban ruwa a damina ta farko a je a duba, a mayar da dutsen da ya goce tun yana ɗaya. Kwazazzabon da ya fi tsayin mutum zurfi kuwa ya wuce aikin gayya, yana buƙatar kwandon waya da ake cika da dutse, da injiniya.

5. Ku raini kututturen da ke nan

Wannan shi ne mataki mafi arha kuma mafi amfani, shi ya sa ake raina shi. Yawancin abin da ake kira saura ko ƙaramin daji, kututturen itace ne da ransa: kalgo, sabara, geza, marke, magarya, aduwa, gawo, taramniya. Saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa, abin da ke hana su tashi shi ne sara da kiwo da wuta. Manoman Maraɗi sun daɗe suna wannan raino, suna kiransa sassabin zamani.

A kowane kututture a zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, a cire sauran. A tsiron da aka bari a share rassan gefe zuwa rabin tsayinsa kawai. Adda ta kasance mai kaifi, kuma a yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. A ɗaura wa wanda aka zaɓa tsumma mai launi, alamar yana da mai shi. A koma duk bayan wata uku zuwa huɗu a cire sabon toho. Ƙayar da aka sare a jibge ta a kewayen kututturen, ita ce shingensa.

Hattara: wanda ya share rassa har kai, ya bar tuntu a sama, ya ba iska da akuya abin karyawa. Kuma a wurin da ake nufin namun daji su zauna, kada a gyara kowane kututture ya zama sanda. A bar dunƙulen geza da sabara nan da can a cunkushe, domin nan ne zabon daji da fakara da zomo suke fakewa.

6. Dashe, a inda kututture ya ƙare

Kowane itace da mazauninsa. A gaɓar da ruwa ke shanyewa wata ɗaya ko biyu: giyayya, bagaruwa, malmo da tafashiya. A saman gaɓa inda ambaliya ke taɓawa ta janye: kanya, ɓaure, maɗaci, ɗinya, tsamiya da giginya. A gangare da tudu: ɗorawa, kaɗanya, ƙirya, marke, gawo da kurna. A ba masu 'ya'ya rinjaye, musamman ɓaure da kanya da ɗinya, domin su ne ke jawo tsuntsaye da jemagu, su kuma su zo da irin wasu itatuwan a cikin kashinsu.

Gandun raino ana kafa shi a Fabrairu ko Maris, kusa da ruwa, a ƙarƙashin rumfa mai shigar da hasken rana kaɗan. Haɗin ƙasar leda: kashi biyu ƙasar sama, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki. Iri mai taurin ɓawo kamar bagaruwa, gawo da ƙirya, a tafasa ruwa, a sauke, a zuba a kansa, a bar shi ya kwana ya wuni, a shuka waɗanda suka kumbura. Kada a dafa irin a kan wuta. Irin maɗaci ba ya jimre ajiya, sai sabo. Kaɗanya da giginya ba sa son leda: a binne ƙwallonsu kai tsaye a inda ake so su tsaya, na kaɗanya cikin 'yan kwanaki da faɗowarsa. Cediya da durumi kuwa reshe mai kaurin hannu ake kafawa dab da faɗuwar damina. Duk bayan mako biyu a ɗaga ledojin a datse saiwar da ta huda ƙasa, kuma mako biyu kafin dashe a rage ban ruwa a janye inuwa.

A haƙa ramuka tun a Mayu, kamu ɗaya faɗi kamu ɗaya zurfi, ƙasar sama gefe guda. A dasa a Yuli bayan ruwa mai ƙarfi, da yamma, a yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, wuyan dashen ya yi daidai da fuskar ƙasa. Tazarar mita 5 tana cin dashe 400 a hekta, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar don cike gurbi. Na gaɓar da ke nutsewa kuwa a jira sai ruwa ya fara janyewa a Oktoba, a dasa a laima, don dashen da ruwa ya rufe kansa tun yana ƙarami ba ya tashi. A barbaɗa toka a rami saboda gara, kuma kada busasshen kara ya taɓa jikin dashen.

Hattara: kada a kawo itacen turare kusa da idon ruwa ko tafki, shan ruwansa ya yi yawa. Dogon yaro ma a bar shi a cikin gari, domin idan ya shiga kurmi yakan mamaye. Dashen da babu kariya kuwa sadaka ce ga awaki: ko dai kewayen ƙaya ga kowane ɗaya, ko shingen aguwa da aka kafa a ƙarshen rani, tare da mai gadi.

7. Tsakiyar fadama ta ciyawa ce

Nan ne masu kyakkyawar niyya suke yin ɓarna. Suna ganin fili a buɗe sai su cika shi da itace, alhali wannan buɗaɗɗen wuri mai ciyawa da ruwa iya gwiwa shi ne inda kifi ke hawa ya yi ƙwai da damina, kuma nan ne kirinjijiya da zalɓe da shamuwa suke kiwo. Itace iyakarsa gefe.

A bakin layin turakun ambaliya a dasa jema layi biyu. A tsaga gindinta, a datse ganyen ya rage taƙi ɗaya, a jera tsakaninsu santimita 10 zuwa 15 ba tare da giɓi ba. Idan ta haɗe takan tace yashi kafin ya shiga fadama. A wurare masu zurfi a dasa ciyawar ruwan nan burgu: a yanka karansa gunduwa-gunduwa, kowace da gaɓa biyu ko uku, a cusa a laka taku ɗaya tsakani lokacin da ruwa ya fara hawa. Shekarar farko ba kiwo ba yanka. Daga baya a yanka a sama da gindi, kuma kada shanu su shiga sai ƙasa ta bushe ta daina lotsawa.

Tafkin da yashi ya cike a yashe shi a Afrilu. A kwashe yashin kawai, da an taɓa baƙar laka a tsaya, domin ita ce ke riƙe ruwan, wanda ya huda ta ya fasa tulu. Gefe ɗaya ya zama mai sauƙin gangara saboda ƙananan dabbobi. A bar wani yanki na busasshiyar laka ba noma, don a ciki gaiwa take kwanciya har ruwa ya dawo. Kacala idan ta fara yawa a yanke ta a ƙarƙashin ruwa sau biyu ko uku a jere. Idan aka bar ta takan toshe hanyar ruwa, ta kuma zama makwancin jan-baki, kuma manomin shinkafa ba zai yafe muku wannan ba.

Hattara: masu aiki a ruwan kwance su sa takalmin roba mai tsawo saboda tsargiya da macizai. A kuma tsayar da tazara tsakanin injin ban ruwa da tafkin da aka keɓe, a hana wanke tankin feshi a cikinsa.

8. Wuta

Da ciyawa ta dawo, gobara ma ta samu abinci. A Oktoba, kafin iskar hunturu ta taso, a share hanya mai faɗin mita 6 zuwa 10 a kewaye wurin, a yanke ciyawar gindin kowane dashe. Shekaru ukun farko wuta ba ta shiga ko kaɗan. Bayan haka idan dole ne a ƙona, a yi da wuri a Nuwamba, da yamma, yanki-yanki. Wutar Fabrairu da Maris ita ce mai kashe itace.

9. Namun daji

Kada a sayo dabba a sako. Wadda aka kawo daga kasuwa ko dai ta mutu ko ta kawo cuta. Idan ruwa da mafaka da abinci sun samu, kuma an ɗaga musu ƙafa, da kansu suke zuwa. Kwaɗi da mazari da balbela su ne na farko, sai guza da kififfiya da zabon daji, gada da mazo kuwa sai in akwai wani daji a kusa da za su fito daga cikinsa. Saboda haka a bar zirin itatuwa a bin ƙorama ba tare da yankewa ba, ya haɗa wurinku da dajin da ke gaba. Gauraka tana sheƙa ne a cikin ciyawar ruwa da damina, idan Allah ya kawo ta, a hana ɗaukar ƙwai da 'ya'yanta.

Busasshen itace mai kogo a bar shi a tsaye, gidan cilakowa ne da mujiya da zuma. A rataya amya a manyan itatuwa, amma a cire zuma da hayaƙi kaɗan, ba da wutar da za ta kama daji ba. Dokokin da za a tsaya a kansu: ba farautar gayya da karnuka, ba tarkon waya, ba zuba guba a ruwa, ba kamun kifi da gidan sauro, kuma tafki ɗaya ya zama haramtacce ga kamun kifi duk shekara domin ya zama iri. Idan birai suka fara ɓarna a gonakin gefe, a shirya gadi tun kafin masu gona su fusata su sa guba.

10. Kuɗi da awo

Farashi yana sauyawa, don haka ku yi lissafi da kwanakin aiki, sannan ku ninka da kuɗin lebura na garinku. A fako mai tauri mutum ɗaya yakan haƙa rabin wata kamar uku a wuni, hekta ɗaya kuma tana cin kimanin ɗari uku, kun ga wajen kwana ɗari ke nan na mutum ɗaya. Dakon dutse yakan fi jera shi tsada. Shingen waya na hekta ɗaya mai kusurwa huɗu mita 400 ne, turke kusan 134 idan tazararsu mita 3 ce, shi ya sa shingen aguwa da mai gadi suka fi sauƙi. Albashin mai gadi na shekara uku a ware shi tun kafin a sayi leda ɗaya. Kebbi da Zamfara duka suna cikin jihohin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa na tare hamada, don haka ku tuntuɓi ma'aikatar muhalli kan dashe da kayan aiki, da takardar yarjejeniyarku a hannu.

Awo kuwa abu uku ne. A binne bututun roba mai huji-huji a gefen fadama, a riƙa zura sanda ranar farko ta kowane wata ana rubuta zurfin ruwa. A ɗauki hoto daga turke ɗaya, fuska ɗaya, a Afrilu da Satumba. A ƙirga dashen da ya rayu a ƙarshen Mayu, ba a Oktoba ba, don da damina kowane dashe kore ne. Inda fiye da rabi ya mutu, kada a sake dasa iri ɗaya a ramin sai an tono ɗaya an duba saiwarsa: idan a cinye take gara ce, idan baƙa ce mai wari ruwa ne ya yi yawa, idan kuma a nannaɗe take to ta daɗe a leda.